Tsarkin Ruwa da Gubar da Ido Ba Ya Gani

A fiƙihun Malikiyya, wanda almajiran Dakoro ke karantawa a Ishmawi da Risala, da abu uku ake auna ruwan alwala: launi, ɗanɗano da ƙanshi. In ba su sauya ba, ruwa na da tsarki, kuma sauyin da ƙasar rijiya ta jawo ba ya ɓata shi. Ma'auni ne da makiyayi zai iya ɗauka a bakin rijiya ba tare da na'ura ba.

To amma dalma da zaiba kan narke a ruwa ba su taɓa ko ɗaya daga cikin ukun ba. Don gano su ne masana suka haɗa sinadarai masu ƙyalli, irin dangin rodamin. Idan sinadarin ya cafki ƙwayar ƙarfen, sai ya yi haske ƙarƙashin fitila irin ta duba jabun kuɗi. Wani sinadarin kuwa, in ya gamu da jan ƙarfe, haskensa dushewa yake. Iyakar dalma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita maikirogiram 10 ce a lita.

Tibiri ta jihar Maradi ta ga makamancin wannan. Can ba ƙarfe ba ne, fulorayid ne, ya lanƙwasa ƙasusuwan yara alhali ruwan garau yake.

Shin ruwa irin wannan ya zama najasa? A'a, alwala da shi ta inganta, domin tsarki babi ne na ibada. Shansa kuwa ya faɗa babin cuta, wadda shari'a ta wajabta kawarwa. Wanda gwaji ya nuna masa guba a rijiyarsa ba shi da uzurin shayar da ita.