Shin Ginin Ƙasa Abin Kunya Ne?

Duk wanda ya bi ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan bayan an sayar da rake da tumatir, zai tarar da bulo jibge a ƙofar gidaje. Magidanci ya rushe soron da ya gada ya ɗora kwano, wani ma sai ya jinginar da gona. A Saulawa da maƙwabtanta, samari sun san cewa ɗakin ƙasa yakan rage wa mai neman aure daraja a idon surukai. To, mai karatu, kunyar nan da muke ji tana da hujja, ko kuwa gani ga wane ne kurum?

Bari mu fara ba mai bulo haƙƙinsa. Ginin ƙasa yana son yaɓe kowace shekara, kuma idan damina ta yi nauyi aka yi sakaci da indararo, soro yakan rufta, har a rasa rai. Azara ta yi tsada, domin mun sare giginya ba mu dasa ba. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka wanda ke kwana cikin siminti a birni ba shi da bakin da zai zargi manomin da ya gaji da tara kwanuka a tsakar ɗaki.

Amma fa gudun yoyo daban, raini daban. Wanda ya raina ƙasa ya raina ilmin da ke cikinta. Maginanmu sun san birgin da ya dace, su kwaɓa shi da ciyawa, su mulmula tubali, su shafe bango da makubar ɗorawa ko katsin marina don kada ruwa ya ci. Kaurin bangon ke tare zafin rana ya sake shi da dare, shi ya sa soro ke da sanyi da bazara, da ɗumi lokacin hunturu, alhali ɗakin kwano yakan zama tanderu. Da irin wannan ilmi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da baka da ɗaurin guga waɗanda masana ke zuwa kallo. A ƙasar Nijar, masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya ci lambar Aga Khan a 1986. Francis Kere na Burkina Faso, wanda ya gina makarantar ƙauyensu Gando da tubalin ƙasa, ya karɓi lambar Pritzker a 2022. Ashe abin da muke rushewa da dare, shi wasu ke tafa wa da rana.

Akwai kuma darasin ɗabi'a. Gidan ƙasa ba ya tsayuwa sai da jama'a: wannan ya haƙo, wancan ya kwaɓa, mata su kawo ruwa da fura, a yi gayya. Yaɓen shekara-shekara yana tuna wa mai gida cewa abin da ka mallaka amana ce mai neman kulawa. Gidan bulo kuwa kuɗi ke gina shi, kuma wanda ya ci bashi don kada a ce masa matalauci, ya sayi yabon mutane da kwanciyar hankalinsa.

A ganina, zaɓen bulo ba laifi ba ne idan da hali. Laifin shi ne auna mutuncin mutum da bangonsa, da barin tsofaffin magina su mutu da saninsu. Ana iya sa harsashin dutse, a ɗora bangon ƙasa, a yi rufi mai faɗin baki da zai kare shi daga feshi.

Mu marubuta muna da namu kason. Sau nawa littattafanmu na soyayya ke ajiye jarumi a bene, su bar soro ga wanda za a tausaya wa? Mu je wurin maginan da suka rage, mu rubuta sunayen kayansu da dabarunsu tun suna raye. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya sa mu gane.