Rabon Kwana a Kan Hanya

Ga wata tambaya. Mutum yana da kwana goma sha biyu a hannunsa, yana so ya ziyarci gari huɗu. Kwana nawa zai yi a kowane gari? Wanda ya yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci zai ɗauki alli ya rubuta 12, ya raba da 4, ya ce amsa ita ce 3. A kan allo ya yi daidai. A kan hanya kuwa, da sauran magana.

Ba mu kaɗai ke wannan lissafi ba. A ƙasashen Turai ma'aikaci yakan sami hutu, ya ce zai zaga birane: Paris, Roma, Barlin, Landan. Sai ya shimfiɗa taswira, shi da matarsa su yi ta gardama, wannan birni kwana biyu, wancan kwana huɗu. To amma shi sayen kwana yake yi. Kowane dare yana biyan kuɗin ɗaki a otel, yana biyan kuɗin abinci. Abin da ya dame shi biyu ne, aljihunsa da abin kallo.

Mu namu dabam ne. Mutumin Tsauni in ya sauka Damagaram ko Kano, gidan ɗan'uwa yake nufa. Ba a tambayarsa ko dala. Sai ya ɗauka kwanan kyauta ne. Alhali wani ya biya. An tashi yaro daga tabarmarsa an mayar da shi zaure. Uwargida ta ƙara daka. An yanka zakaran da ake ajiya don Salla. Saboda haka duk wanda zai raba kwanakinsa, ya sani ba nasa kaɗai yake rabawa ba.

Mu ɗauki misali. A ce wani manomi ne a nan Tsauni. An gama kaka, an ɗaure damma, an zuba a rumbu. Yana da kwana goma sha biyu kafin aikin fadama ya taso masa. Ƙanensa yana Kano, yana tsaron shago a Kantin Kwari. Ɗiyarsa tana aure a Damagaram, ta haihu, bai ga jikan ba. Gwaggonsa tana wani ƙauye a ƙasar Magarya, ta tsufa, idonta ya fara dushewa. Akwai kuma abokinsa na ƙuruciya a Daura.

Abu na farko, hanya ma tana cin nata rabo. Daga Matamaye zuwa Damagaram ya haura kilomita 80. In ka nufi Daura sai ka bi ta Ɗan Barto, ka tsaya a kan iyaka, a duba takardu, a sake mota. Wanda ya san tasha ya san mota ba ta tashi sai ta cika. Ranar da ka shiga gari da almuru, ba ka ga kowa ba sai mai shimfiɗa maka tabarma. Ranar da za ka tashi da asuba ma haka. Wato kwana ɗaya a gari kusan babu ne. Ka isa a gajiye, ka yi barci, ka yi sallama. Abin da za ka ba da labari in ka komo shi ne kamannin tasha.

Wani zai ce a raba daidai, uku-uku, don kada kowa ya ji haushi. Ya kawo hujja da rabon kwana na gidan aure. Gaskiya ne, mai mata biyu ko uku dole ya daidaita kwana tsakaninsu, ko da zuciyarsa ta fi karkata ga ɗaya. Amma dalilin haka shi ne haƙƙinsu a kansa ɗaya ne. Garuruwa ba kishiyoyi ba ne. Kano ba za ta yi yaji ba don ka yi mata kwana biyu. Kuma ko a gidan auren, malamai sun ce amarya budurwa tana da kwana bakwai na farko, bazawara tana da uku, sannan a koma juyi. Ashe ko a can an duba halin kowa kafin a raba.

Wani kuma zai ce a raba bisa girman gari. Kano babbar alkarya ce, a ba ta shida. Damagaram a ba ta uku, Daura biyu, ƙauyen gwaggo ɗaya. Mu faɗi gaskiya, yawancinmu haka muke yi, sai dai ba mu faɗa da baki. A Kano akwai lantarki, akwai shinkafa da nama, akwai kallo, kuma ƙane zai saka maka wani abu a aljihu ranar tafiya. A wurin gwaggo akwai fura da tari cikin dare. Sai mutum ya ce wai zumunci ya tafi, alhali daɗi ya bi.

Ni a ganina tambayar da ta dace ita ce: wane ne zai iya jira, wane ne ba zai iya ba? Kantin Kwari tana nan baɗi. Ƙane saurayi ne, kuma shi ma yana zuwa gida da Salla. Jariri yana girma, amma in Allah ya raya shi za a sake ganinsa. Gwaggo fa? Rai a hannun Allah yake, yaro na mutuwa tsoho na nan. Duk da haka kowa ya san wanda ya fi kusa da ƙofa. Kwana ɗaya da ka ba ta na iya zama na ƙarshe. Kuma tsoho ba ya buɗe ciki a daren farko. Daren farko gaisuwa ce: ina wane, ina wance. Sai a na biyu ko na uku take tuna iyakar gonar kakanku, da wanda ya riƙe ta aro, da sunan danginku da suka yi ƙaura zuwa Gazawa shekarar yunwa. Irin wannan magana in ta tafi da ita, ba a kasuwa ake samunta ba.

To amma a nan ma akwai ƙulli. Wadda ta fi bukatar kwananka ita ce wadda rumbunta ya fi ƙanƙanta. In ka yi mata kwana huɗu hannu sake, ka ci hatsin da za ta ci sati biyu, kuma kunya ba za ta bar ta ta faɗa ba. Addini bai bar wannan a duhu ba. Malamai sun koya mana cewa haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce daga mai gida, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya nuna cewa matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya daina ƙasaru, ya cika sallarsa kamar ɗan gari. Ni abin da na fahimta a nan, daga kwana na huɗu ka fita daga baƙunta. Wanda ya zama ɗan gida kuwa, yana ɗaukar gatari ya nemo itace, yana gyara danga. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. In raɓa ta ƙi tashi har rana ta take, sai ta koma wani abu dabam. Don haka mai zuwa wurin gwaggo ya ɗaura tiya uku ko huɗu na hatsi a kan kayansa, da ɗan sukari da sabulu, ya ajiye a ɗakinta tun daren farko ba tare da surutu ba.

Sauran masu cewa tafiya mabuɗin ilimi, don haka gara a taka gari da yawa. Bari in ba su labarin wani ɗan ƙasarmu. Sunansa Dorugu. An haife shi wajen shekarar 1840 a Dambanas, kusa da Kance, nan ƙasar tamu. Yana yaro aka kama shi bawa, aka kai shi har Kukawa ta Barno. Wani Bajamushe mai suna Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, sai yaron ya bi abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim. Sun shiga Damagaram ranar 25 ga Disamba 1852, ba su tashi ba sai 30 ga Janairu 1853, domin Barth yana jiran kuɗi da kaya. Sun je Tumbutu, suka yi fiye da wata shida. A 1855 suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa. Daga nan sai gudu: tsibirin Malta, Marsai, Paris, har Landan ranar 6 ga Satumba. Duk wannan bai kai sati biyu ba.

Dorugu bai raba wa kansa kwana ba, wasu ne suka raba masa. Amma ku duba abin da ya biyo baya. Paris babban birni ne, ya ratsa ta kamar yadda muke ratsa Takeita a mota. A Ingila kuwa ya zauna shekaru, wurin wani malamin mishan mai suna Schön. A can ya koyi karatu da rubutu, ya zauna ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta. Labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885, yana cikin tsofaffin labaran Hausa da aka buga da boko. Ya komo Afirka a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Da a ce duk zamansa na Turai irin gudun nan ne na sati biyu, da yau ba mu san sunansa ba. Yanzu jirgin ƙasa yana bi ta ƙarƙashin teku tun 1994, yana kai mutum daga Paris zuwa Landan cikin awa biyu da ƴan mintoci. Hanya ta gajarta. Sanin mutane kuwa har yau sai an zauna da su.

Mu koma ga manominmu. Da ni zai tambaya, sai in ce ya cire gari ɗaya ɗungum. Gara uku da aka zauna da huɗu da aka leƙa. Daura ce za ta fita, ko da hanyar Kano ta bi ta cikinta. Ya tsaya awa ɗaya a gaisa in ya samu hali. In bai samu ba, ai yanzu ya iya rubutu. Ya rubuta wasiƙa da hannunsa ya ba direba, ko ya buga waya, ya faɗa wa abokin gaskiya: bana ba zan kwana ba, baɗi in Allah ya kai mu da kai zan fara. Aboki na kirki zai ɗan yi fushi, ya huce. Na san wannan shawara tana da ɗaci, don abokin ƙuruciya wani lokaci ya fi ɗan'uwa.

Gwaggo a ba ta huɗu, da hatsinta. Ɗiya a ba ta biyu kawai, domin gidan suruki ne, kuma kowa ya san nauyin da ke tsakanin uba da mijin ɗiyarsa. Kwana uku a can takura ce ga kowa. Kano uku ya isa a ga ƙane, a shiga kasuwa, a sayo abin da za a sayo. Huɗu da biyu da uku, tara ke nan. Ɗaya a bar wa hanya, don mota na lalacewa, iyaka na tsayar da mutum.

Sauran biyu fa? Su ne na mutanen da ba a sa a lissafi ba tun farko. Ranar da ya ɗauki jakarsa, wani ne zai ba dabbobi ruwa, wani ne zai kori awakin maƙwabta daga rake. Matarsa ce, ko ɗansa da ya kamata yana makaranta. Su ma kowane dare na tafiyarsa daga jikinsu ake cirewa, kuma ba a shawarce su ba. Ya ce musu goma sha biyu, ya komo a na goma.