Alhakin Ɗan Ƙaramin Kare Yana Wuyan Wa?

Tun zamanin kakanninmu aikin kare a ƙasar Hausa biyu ne, wato gadi da farauta. Ya kan kwana a bakin zaure ko gindin rumbu, ya ci ƙanzo da ƙashin da aka yar, in rani ya yi kuwa ya bi mafarauta daji. Ba mai tambaya ko wane ne ubansa, balle a rubuta sunan kakansa a takarda. Amma yanzu wanda ya zaga gidajen ma'aikata a Samaru, ko ya bi layukan Sabon Gari, zai ga karnuka waɗanda asalinsu na ƙasashen waje ne. Waɗansu manya ne kamar maraƙi, an saye su domin tsoron ɓarayi. Waɗansu kuwa ƙanana ne masu yawan gashi, ba su gadi, ba su farauta, a kan kujera su ke kwana. Da tsada a ke sayensu, har samari sun gane akwai riba cikin kiwonsu da sayar da 'ya'yansu.

Cikin ƙananan karnuka na duniya akwai wani da Turawa ke kira fudul. Mun zaɓe shi domin labarinsa ya fi na sauran fito da tambayar da mu ke so mu duba tare da masu karatu. In mutum ya sa hannu ya sake siffar dabba domin jin daɗin kansa, har dabbar ta kasa rayuwa sai da shi, mene ne ke wuyansa?

Asalin fudul

Fudul na fari babban kare ne na mafarauta a Jamus da Faransa, aikinsa shi ne ya faɗa ruwa ya ɗauko agwagwar da aka harbe. Sunansa a bakin Jamusawa daga fantsama ruwa ya fito, a bakin Faransawa kuwa daga agwagwa. An ce askin nan nasa mai ban dariya ma mafarauta ne suka fara shi, su kan aske bayansa domin ya ji sauƙin iyo, su bar gashi a ƙirji da gaɓoɓi saboda sanyin ruwa. Kare ne mai kaifin hankali da saurin koyo.

Sa'anda mutanen birni suka so shi, sai suka ga ya yi wa ɗaki girma. Masu kiwo suka shiga zaɓen ƙanana suna haɗa su da ƙanana, tsara bayan tsara, har a farkon ƙarni na 20 aka sami ɗan mitsitsin nan wanda laƙabinsa a Turanci ke nufin abin wasan yara. Babban fudul, daga ƙasa zuwa kafaɗa, ya kan kai santimita 45 zuwa 60. Ƙaramin kuwa ba ya wuce santimita 28, nauyinsa wajen kilo 3, kamar na ƙosasshen zakara.

Abin da ƙanƙanta ta jawo

In an yi kiwonsa da hankali, ɗan fudul ya kan yi shekara 14 ko fiye cikin lafiya. Amma ƙanƙantar da aka nema ta zo da kayanta. Ƙoƙon gwiwarsa ya kan goce daga mazauninsa, ya riƙa ɗingishi. Bakinsa ya ƙanƙance, yawan haƙora kuwa yana nan kamar na babban kare, sai su cunkushe su ruɓe. Ƙashin ƙafarsa siriri ne, faɗuwa daga hannun yaro ta isa ta karya shi. Ɗan kwikwiyonsa in ya daɗe bai ci abinci ba, sukarin jininsa ya kan faɗi har ya suma, domin haka sau uku ko huɗu a ke ba shi abinci a yini. Akwai kuma wata makanta ta gado da ke bin irinsa, ta kan fara da dundumi, ta ƙare da rufewar ido ɗungum. Karyar ta kan ɗauki ciki wajen kwana 63, ta haifi biyu ko uku, wani lokaci kuwa haihuwar ba ta yiwuwa sai likita ya tsaga cikin.

Ga kuma gashinsa, wanda ba ya daina tsiro. In ba a taje shi kullum ba, aka kuma yi masa aski bayan mako huɗu ko shida, sai ya dunƙule ya kama fata. A ƙasarmu kaska ta kan ɓuya ciki, ƙarangiya ta maƙale, ƙurar hunturu ta cika shi, zafin bazara kuma ya gallabe shi. Karen gida in an sake shi zai bi juji ya nemi abin kai wa baki. Wannan kuwa in an rufe masa ƙofa, kwanansa ya ƙare.

Haɗa iri laifi ne?

Kada mu yi saurin cewa i. Kowane Bafillace ya kan zaɓi bijimin da zai bari cikin garke, ta haka aka sami Bunaji da Bokoloji da Rahaji. A nan kusa da mu, gaba da Samaru kaɗan, an kafa gonar dabbobi ta Shika a 1928, a 1976 kuma ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa duka, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A can aka haɗa Bunaji da shanun Turai domin ƙarin madara, a can kuma aka fito da kazar nan mai yawan ƙwai da a ke kira da sunan Shika. Ba wanda zai ce an yi ɓarna.

Kada kuma mu ce kiwon dabba domin sha'awa kaɗai abin kunya ne. Dokin da a ke yi wa ado ranar hawan salla a birnin Zazzau ba noma ya ke yi ba, yaron da ke kiwon tattabaru kuma sau da yawa kyansu ya ke so. Tsohuwar da 'ya'yanta suka watse cikin birane, in ta sami ɗan kare yana ɗebe mata kewa, wa zai hana ta?

Bambancin yana wani wuri dabam. Makiyayi yana son saniyar da za ta iya tafiya, ta jure rani, ta haihu da kanta, gama in ta rasa lafiya shi ma ya yi hasara. Galibi ribarsa da lafiyar dabbar hanya ɗaya su ke bi. Mai kiwon ɗan kare na ado kuwa idon mai saye ya ke bi, mai saye kuma mafi ƙanƙanta ya fi so, ya fi biya. Sai ya zama abin da ke ƙara kuɗi shi ne ke ƙara wa dabbar wahala. A nan ne kwaɗayi, mabuɗin wahala, ya kan sa a haɗa wa da ƙanwa domin kada girma ya shigo, a sa karya ta ɗauki ciki duk lokacin da ta nema, a raba kwikwiyo da uwarsa tun bai isa yaye ba domin a nuna wa mai saye shi yana ɗan mitsitsi.

Gwargwadon raunin, gwargwadon alhakin

Dila a daji ba ya bin mu bashin abinci, gama ba mu muka mai da shi yadda ya ke ba. Amma dabbar da mutum ya rage mata ƙarfi da gangan, ya mai da ita ba ta da wani sai shi, alhakinta duka ya koma wuyansa. Ba ta roƙa a yi ta haka ba, ba ta kuwa da bakin kai ƙara. A ganinmu ma'auni ke nan: gwargwadon yadda muka sa dabba ta dogara gare mu, gwargwadon abin da ta ke bin mu. Kuɗin da aka biya aka saye ta ba ya rage wannan bashi, a ranar ciniki ma ya ke farawa.

Turawa da kansu sun ga inda abin ya kai su. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, wadda aka kafa a 1873, ta daina rubuta 'ya'yan da aka samu ta haɗa uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa tun 2009, daga 2012 kuma ta tsai da iyakar karya a ciki huɗu. A 2023 babbar kotun ƙasar Norwe ta hana kiwon wani irin ƙaramin kare sam, domin cututtukan gado sun yi masa yawa. A nan wurinmu ba mai zuwa ya ƙirga cikin da karyar mutum ta ɗauka. Lamirinsa ne kaɗai ɗan sandansa. Mai kiwo na kirki zai kai uwa da uba likita ya duba ido da gwiwa kafin ya haɗa su, ya bar karya ta girma ta kuma huta tsakanin ciki da ciki, ya riƙe kwikwiyo har mako takwas, ya fara masa allura, ya gaya wa mai saye gaskiyar wahalar da ke gabansa, ko da gaskiyar za ta ɓata ciniki.

To, maƙwabci fa?

Wani zai ce, ana maganar haƙoran kare alhali ga yara suna kwana da yunwa a bayan katanga? Wannan magana tana da nauyi, kada a yi mata dariya. Gidan da kare ke cin kaza da madara, amma yaron da ke yi masa wanka ba a biya shi albashinsa kan kari ba, lalle gidan ya kife. Mutum ya fi kare daraja nesa ba kusa ba.

Amma wurin wannan tambaya kafin saye ne. A lokacin ne ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafin abinci da allura da aski na shekara goma sha, ya duba ko akwai kuɗin makarantar ɗan ɗan'uwa da ke jiransa, ko bashin da bai biya ba. In lissafi bai fita ba, ya haƙura, ba abin da ya rasa. In kuwa ya riga ya kawo dabbar gida, ba za ya biya haƙƙin maƙwabci ta wurin barinta da yunwa ko jefar da ita a bakin kasuwa ba. Bashi biyu ne a kansa, biyan ɗaya ba ya share ɗaya.

Namu karen fa?

Yana da sauƙi mu yi wa mai ɗan karen kujera ba'a, mu manta da namu da ke kwance a tsakar gida, kaska ta cika masa kunne, bai taɓa ganin allura ba. A nan ne haƙƙin dabba da na maƙwabci su ke haɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, wajen huɗu cikin goma kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana, da ƙyar a ke samun mai tsira. Amma tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci yaron da mahaukacin kare ya ciza ta wurin allura, masana kuma sun nuna in an yi wa karnuka bakwai cikin goma allura a gari, ciwon ya kan daina yaɗuwa.

Mu mutanen Zariya ba mu da hujja. A garin nan aka fara kafa ma'aikatar likitan dabbobi a 1913, kafin a mai da ita Vom a 1924, ga kuma asibitin dabbobi na jami'a a Samaru. Kwikwiyo in ya kai wata uku ya isa allurar hauka, a riƙa sabunta ta yadda likita ya faɗa. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jira a ga abin da zai faru.

Mai karatu, ko karenka na dubban kuɗi ne, ko kyauta aka ba ka shi cikin kwali, amana ce ka karɓa. Duba kunnensa yau, ka tuna yaushe aka yi masa allura ta ƙarshe. In ka kasa tunawa, kai shi cikin makon nan, gama 'ya'yan maƙwabcinka suna wasa a ƙofar gidanka.