Shin jarrabawa na iya auna amanar injiniya?

A watan Disamba na 2007 tukunyar haɗa sinadarai ta kamfanin T2 Laboratories da ke Jacksonville, jihar Florida a Amurka, ta fashe, mutum 4 suka rasu. Na'urar sanyaya tukunyar ce ta gaza, zafi ya yi ta haifar da zafi har ƙarfe ya kasa riƙewa. Hukumar binciken haɗuran sinadarai ta ƙasar, CSB, ta gano cewa masu kamfanin, duk da digirinsu, ba su fahimci wannan haɗari ba. Ta nemi a sa shi cikin karatun injiniyan sinadarai, hukumar tantance kwasa-kwasai ta ABET kuma ta sa sanin haɗura cikin sharuɗɗanta. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga tsarin da ke cewa jami'a ta rubuta abin da ɗalibi zai iya yi ranar kammalawa, sannan ta auna shi: abin da ba a rubuta ba, da wuya a koyar da shi. Tsarin da Yarjejeniyar Washington kan tantance karatun injiniya, wadda aka ƙulla a 1989, ke bi ke nan, kuma hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, COREN, ta shiga cikinta a matsayin mamba na wucin gadi a 2023.

Amma akwai iyakar da ya kamata a faɗa a fili. Ɗalibi zai iya lissafa zafin da tukunya ke fitarwa ya ci maki cikakke, amma wannan bai gaya mana ko zai kashe injin da tsakar dare ba, alhali manaja na matsa masa cewa kowace awa asara ce. Na farko sani ne. Na biyu amana ce, ita kuwa ba ta bayyana sai riƙe ta ya jawo wa mutum hasara. A zauren jarrabawa amsar gaskiya ita ce mai riba, don haka mai tsoron Allah da mai neman maki kawai abu ɗaya za su rubuta.

Wani zai ce to a cire ɗa'ar aiki daga jerin abubuwan da jami'a ke aunawa, tunda niyya Allah kaɗai ya san ta. Ban yarda ba. Alƙali ma ba ya ganin zuciya, amma yana hukunci da zahiri, kuma zahirin ana iya faɗaɗa shi. A ba ɗalibi aikin zana masana'anta da bayanai marasa cika, a ga ko zai ce ba su isa ba ko zai ƙirƙiro lamba. A zaunar da shi gaban malamai ya kare zanensa, a tambaye shi me zai faru idan ruwan sanyayawa ya yanke. A duba littafin ɗakin gwajinsa, ko ya rubuta sakamakon da ya saɓa wa zatonsa.

Za a ce wannan na buɗe ƙofar son kai, kuma malami ɗaya ba zai iya da aji mai cunkoso ba. Gaskiya ne. Maganin son kai shi ne malamai da dama da ma'auni rubutacce da ɗalibi ya sani tun farko. Cunkoso kuwa matsalar kuɗi da ɗaukar malamai ce, kuma jami'ar da ta kasa magance ta bai kamata ta rubuta cewa ta auna ɗa'a ba.