Shaida a Kan Kuɗin Ajiye Mota

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Direba kan ajiye motarsa a filin wani, a Kara ko Gwarzo ko Kabo, sa'an nan mai fili ya nemi kuɗin da ba su yi da shi ba, har magana ta kai gaban alƙali. To, a shari'a kawo hujja yana wuyan mai da'awa ne, rantsuwa kuwa tana kan wanda ya musa. In direba ya ce ya biya, shi zai kawo rasit ko shaidu.

Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa a sha'anin dukiya akan yi hukunci da shaida ɗaya adali tare da rantsuwar mai da'awa. Amma ba a karɓar shaidar ɗa ga ubansa, ko ta wanda zai ci moriyar hukuncin.

Wanda aka kira shaida ya faɗi abin da idonsa ya gani kaɗai: rana, wuri da adadin kuɗin. Aya ta 283 cikin Suratul Baƙara ta hana ɓoye shaida. Shaidar zur kuwa babban zunubi ce, ko da a kan naira ɗari ne.

Allah Ya kiyashe mu, amin.