Hannun da Ya Gyara Rediyo Ba Ya Tsoron Sintesaiza

’Yan’uwa masu gyara, ku da kuke wuni da ƙarfen narka dalma a hannu daga Sabon Gari ta Kano har kasuwar Katako ta Yamai: Ga wata sana’a da masu kiɗa a Turai da Amurka ke biyan kuɗi mai tsoka a kanta, alhali duk abin da take bukata yana kan teburinku.

A Janairun 1983, a baje kolin NAMM a Amurka, aka jona sintesaiza biyu, Prophet-600 na Dave Smith da Jupiter-6 na kamfanin Roland, suka yi magana da juna. Nan aka haifi MIDI, wanda har yau raminsa ke bayan fiyano da yawa a situdiyon mawaƙanmu. Saƙon lamba yake aikawa: an danna maɓalli na 60, an saki. To amma injinan da suka riga shi, irin su Minimoog na 1970 da Korg MS-20 na 1978, ba su san lamba ba, ƙarfin wuta kaɗai suke ji. Dole a sa tafinta a tsakani, ɗan akwatin da ke mai da lamba ta koma volt.

Wahalar ita ce tsofaffin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Moog da Roland da ARP sun tafi a kan volt 1 ga kowane oktaf, wato milivolt 83 da ’yan kai tsakanin maɓalli da na kusa da shi. Korg da Yamaha na wancan zamani suka ce a’a, ninkawa za a yi: 1, 2, 4, 8. Jona akwatin da aka yi wa Roland a jikin MS-20 ka ji yadda waƙa ke watsewa. Mai shi sai ya ɗauka injin ya mutu. Ƙalau yake, Oga. Akwatin ne ke neman hannunka.

Fara da mai sauƙin. Yawancin akwatuna suna aika wuta don su ce “buga”. MS-20 da Minimoog kuwa jira suke a haɗa layin da ƙasa. Transista guda irin BC547 da resista mai 10k sun gama wannan magana. Wa ke cikinku da bai taɓa yin abin da ya fi haka wuya ba a cikin tsohon amfilifaya?

Ma’aunin sautin ne ke son natsuwa. Idan ƙwaƙwalwar akwatin Arduino ce, za ka sake mata jadawalin lissafi ta riƙa ninkawa. Amma kula da MCP4822, mai mai da lamba ta koma volt, wanda kowa ke so saboda arha: taki 4096 gare shi, kuma ba ya wuce volt 4.096, sai ka ƙara masa TL072 ya ɗaga shi zuwa 8. A nan kowane taki ya kusa milivolt 2. A saman fiyano ba wanda zai ji. A can ƙasa, wajen rubu’in volt, tazarar maɓalli biyu ba ta fi milivolt 15 ba, kuma kunnen makaɗi zai kama ka nan take. Ni dai a ganina, wanda zai yi wa Korg aiki ya daure ya sayi irinsa mai bit 16, ya huta da ƙorafi.

Kada wani ya ce muku wannan kiɗan Turawa ne. Tun 1978 Mamman Sani ya naɗi kiɗan lantarki a Yamai da fiyanonsa na Orla, kuma da aka sake fitar da shi a 2013 duniya ta saurara.

Ku tashi, ku buɗe akwatin nan! Ku bar injin ya ɗumama kamar minti 20 kafin ku taɓa komai, ku sa resista masu kuskuren kashi 1 cikin 100, ku ɗora mita, ku danna maɓalli biyu masu tazarar oktaf uku, sannan ku murɗa tirima a hankali har mita da kunne su yarda da juna.