Saɓanin Ra'ayi a Tarbiyya: Sauraro Ba Gajiyawa Ba Ne

Hausawa kan ce, zo mu zauna zo mu saɓa, kuma ko tsakanin harshe da haƙori akan saɓa. Idan haka ne, babu mamaki a sami miji da mata, ko uwa da kaka, suna ja-in-ja a kan yadda za a tarbiyyantar da yaro. Tambayar da wannan maƙala za ta duba ita ce: shin wanda ya karɓi ra'ayin abokin zamansa a kan sha'anin 'ya'ya ya zubar da girmansa ne, ko kuwa ya cika shi?

Da farko ya kamata a gane cewa ɗa amana ne a hannun iyaye, ba ganima ba ce da mai ƙarfi zai kwashe. Uba kan hangi gobe, wato sana'a da mutuncin gida. Uwa kuwa, da yake ita ke wuni da yaro, takan san abin da ke firgita shi da abin da ke sa shi kuka. Kaka tana da tata masaniyar, domin ta ga jiya ta ga yau. Kowanensu yana riƙe da wani yanki na gaskiya, wanda ya toshe kunnensa kuma yankinsa kaɗai zai tsira da shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya a Nijeriya a 1976, gidaje da yawa sun yi muhawara a kan boko da allo. Waɗanda suka saurari juna sai suka haɗa biyun, yaro ya tafi boko da safe, ya ɗauki allo da yamma.

Addini ma bai bar wannan al'amari a hannun mutum ɗaya ba. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta rataya yaye yaro kafin cikar shekara biyu a kan yardar uwa da uba da shawarar junansu. Haka nan a Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya yi aiki da shawarar matarsa Ummu Salama a lokacin da al'amari ya yi tsanani, aka kuwa sami mafita. To, wane magidanci ne zai ce ya fi ƙarfin sauraron iyalinsa?

Mai karatu na iya cewa, ai gida ba ya zama sai da shugaba, idan kowa ya ja nasa, yaro ne zai rasa alƙibla. Wannan magana tana bisa hanya. Sai dai yanke hukunci daban, ƙin sauraro daban. Shugaba nagari yakan ji ta bakin kowa kafin ya zartar, a cikin ɗaki ba a gaban yara ba, domin yaron da ya ga ana gwale mahaifiyarsa zai koyi raini tun kafin ya koyi karatu.

Saura wuri mafi wuya, wato inda ra'ayin ɗaya zai cutar da yaro. A nan karɓar ra'ayi ba ya nufin bin sa. Duk da haka, ko mai kuskure ba a shawo kansa da tsawa. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Jihar Kano saboda tsoron da ya shiga zukatan iyaye, cutar kuma ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Sai da aka saurari wannan tsoro, aka gwada maganin, sannan aka ci gaba a 2004, daga baya sarakuna da malamai suka sa baki, har aka tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Abin da ya yi wa al'umma magani zai yi wa gida: a tambayi mutum dalilinsa, a amsa masa da hujja.

A ƙarshe, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Uban da ya ce wa matarsa, "Faɗi naki mu ji," bai rage komai daga rawaninsa ba, ya dai koya wa ɗansa yadda ake zama da mutane. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa gaskiya.